Rana a Waje, Duhu a Ciki: Ɗaukar Hoton Kogwannin Dutse a Ƙasar Jos

Ko ta wace hanya mutum ya nufi Jos, duwatsu ne za su fara yi masa maraba tun bai hangi rufin gida ko ɗaya ba. Wanda ya taso daga Zariya ya biyo ta Pambeguwa da Saminaka, da ya wuce Jengre sai ya ji mota ta soma nishi. Wanda ya fito daga Akwanga sai ya sha Hawan Kibo, inda manyan motoci kan yi tafiyar hawainiya. Mutumin Bauci kuwa ya ratso ta Toro da Tilden Fulani. Duka dai hawa ne, domin garin yana zaune ne a kan tudun da ya ɗara bakin teku da misalin ƙafa 4,000, tsaunukan Shere da ke gabas da shi kuwa ƙololuwarsu ta kai ƙafa 6,000. Duwatsun ba irin na Dala da Gwauron Dutse ba ne. Manyan curi ne, waɗansu sun fi ɗakin soro girma, an ɗora wannan bisa wancan sai ka ce wani ƙato ne ya jera su ya tafi da niyyar dawowa. Mafi shahara a cikinsu shi ne na Riyom, wanda matafiya kan tsaya a gefen titi su ɗauki hotonsa, waɗansu ma suna cewa siffarsa ta yi kama da taswirar Jihar Filato.

Abin da matafiyi ba ya cika lura da shi ba shi ne abin da ke ƙarƙashin curin nan. Inda duk dutse biyu ko uku suka jingina da juna, ko wani ya yi rumfa bisa ɗan'uwansa, a kan sami wani sarari mai inuwa da sanyi, wani ba ya wuce makwancin akuya, wani kuwa zai ɗauki mutum ashirin da kayansu. Su ne kogwannin ƙasar Jos. Kada mai karatu ya zaci irin kogwannin nan ne masu zurfin mil da mil da a ke ba da labarinsu a Turai da Amurka. Waɗancan ruwa ne ya ɓuɓɓuge su a cikin dutsen farar ƙasa, irin wanda a ke yin siminti da shi a Ashaka da Kalambaina. Dutsen Jos kuwa mai tauri ne, irin wanda a ke fasa tsakuwar gini da shi, ruwa ba ya narkar da shi, sai dai ya bi tsagarsa yana ci a hankali har ya raba shi curi-curi. Saboda haka kogon Jos gajere ne, bakinsa a buɗe, rana tana tsaye a ƙofarsa. Wannan kuwa shi ne tushen duk wahalar da mai ɗaukar hoto zai sha a wurin.

Kafin a zo kan wahalar, ya kamata a faɗi dalilin da zai sa mutum ya ɗora wa kansa ita. A 1944 wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda daga baya ya kafa Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, ya yi tono a wani kogo a Rop, kudu da Jos wajen Barikin Ladi. Ya sami ƙananan makamai na farin dutse, waɗansu ba su fi farcen yatsa ba, da tsingaro, da ƙasusuwan mutum waɗanda awon masana ya nuna sun yi kimanin shekara 2,000. Ekpo Eyo, wanda daga baya ya shugabanci hukumar kayan tarihi ta Nijeriya, ya sake tona wurin a 1964. Cikin shekarun 1970 kuma Richard York ya tona kogon Dutsen Kongba kusa da Jos, ya tarar da alamun zaman mutane da suka girmi na Rop da shekaru dubbai. Ba kuma mutanen dauri kaɗai suka san amfanin wuraren nan ba. A ƙarni na 19, sa'ad da mahaya daga ƙasashen Bauci da Zazzau ke kai hare-hare gindin tudun, duwatsu da shingayen ƙerana su ne ganuwar mutanen ƙasar, su Birom da Afizere da Anaguta da Irigwe da Rukuba. Doki ba ya hawa inda akuya ma sai ta yi dabara.

Da Turawan kuza suka iso a farkon shekarun 1900, suka kawo jirgin ƙasa daga Zariya a 1914, suka jawo wutar lantarki daga Kurra wajen 1930, sai aka yi ta ɗaukar hotunan aikin: ramuka, da injinan haƙa, da jerin lebura ɗauke da kwanon ƙasa a ka. Duk waɗannan a filin rana su ke, ɗaukarsu ba ta da wuya. Abin da ke cikin inuwa kuwa, watau rufin kogon da hayaƙin girki ya baƙanta, da gurbin niƙa da hannun mata ya rarake a jikin fa, da ragowar rumbun da aka ɓoye acca a cikinsa, hotunansu kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na kuza. A ganina rashin kula yana cikin dalilan haka, amma har da cewa na'urar kanta ba ta son wurin.

Ga yadda abin ya ke. Masu sana'ar hoto suna auna haske da mataki, kowane mataki kuwa ninkin na ƙasa da shi ne: 2, 4, 8, 16, haka har sama. Tsakanin fa da rana ke duka da inuwar bishiya a kan sami misalin mataki 3, watau ninki 8. Amma tsakanin wannan fa ɗin da lungun kogo, ko da taku goma ne kawai ya raba su, bambancin ya kan kai mataki 10, watau ninki 1,024, wani lokaci ma ya zarce. Idon ɗan Adam ba ya jin wannan tazara domin ba ya tsayawa wuri ɗaya. In ka dubi waje ƙwayar ido ta tsuke, in ka dubi ciki ta buɗe, in ka zauna cikin duhu minti 20 zuwa 30 ido ya ƙara sabawa har ka ga abin da ɗazu ka rantse babu shi, ƙwaƙwalwa kuma ta harhaɗa duka ta ba ka sura guda. Kyamara ƙiftawa ɗaya gare ta, da buɗin ido ɗaya. Fim mai launi irin wanda a ke haskawa a bango ba ya riƙe fiye da mataki 5 ko 6. Kyamarorin zamani masu kyau su kan riƙe 12 zuwa 14, amma takardar da za a buga hoton a kanta ba ta iya nuna fiye da 6 ko 7, ta jarida irin wadda ke hannun mai karatu ma ba ta kai haka ba. To, dole wani abu ya faɗi. In ka auna da hasken waje, duwatsu da gajimare su fito tas, bakin kogo ya zama baƙin tabo kamar an zubar da tawada. In ka auna da na ciki, bangon kogo ya fito, waje kuwa ya wanke fari fat ba sama ba ƙasa.

In kuma ka bar wa na'ura ta zaɓa da kanta, sai ta yi maka rabon da ba ya gamsar da kowa. An gina ma'aunin hasken kyamara ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabanta, in an cuɗa fari da baƙinsa, ruwan toka zai bayar. A kasuwa ko a filin ƙwallo wannan zato ya kan yi daidai. A bakin kogo kuwa babu ruwan toka, fari ne ƙal da baƙi ƙirin, saboda haka sai ta tsaya a tsakiya, waje ya ƙone, ciki kuma bai fito ba.

Na sami hawa gindin tsaunukan Shere tare da wani dattijon mai hoto da ke da shago a cikin garin Jos, wanda ya koyi sana'ar tun zamanin akwatin nan mai ƙafa uku da a ke lulluɓa da baƙin ƙyalle, da kuma wani saurayi ɗan ƙasar da mai unguwa ya haɗa mu da shi. Sa'ad da na ke yi wa dattijon wannan lissafi na mataki da ninki, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan ba sai an zo dutse ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ango baƙi wuluk cikin farar shadda da rawani da tsakar rana ya san shi. In ka bi riga, fuska ta ɓace, dangin amarya su ce ba shi ba ne. In ka bi fuska, aikin wuyan riga ya ɓace, maɗinki ya yi fushi." Na ce, "To Baba, wanne a ke bi?" Ya ce, "Wanda ya biya kuɗi. A nan kuwa ba don sararin sama muka hawo ba, akwai shi a gida."

Maganarsa ita ce ƙa'idar farko: mutum ya san abin da ya zo ɗauka. In bangon ciki ne, to a matsa kusa a auna hasken bangon shi kaɗai, a kuma juya kyamara yadda bakin kogo ba zai shigo cikin hoton ba ko kaɗan, domin ko ɗan tsagin rana ya faɗo kan gilashi sai ya watsu ya dusashe sauran. Zamanin fim baƙi da fari masu sana'a suna da dabarar da su kan ce, a biya wa duhu haƙƙinsa wajen ɗauka, a rage wa haske wajen wanki. Ma'anarta, a bar ƙofar haske a buɗe har abin da ke cikin inuwa ya kama a fim, sa'an nan a gajarta lokacin da fim zai yi cikin ruwan magani, domin wuraren da suka sha haske su ne ke ci gaba da kauri in wanki ya daɗe. Ansel Adams da Fred Archer na Amurka su ne suka tsara wannan ilmi daki-daki wajen 1940, amma dattijon namu bai taɓa jin sunansu ba, a wurin maigidansa ya gada. Wajen buga hoto a takarda kuma sai ya sa tafin hannunsa ya tare haske daga gefen da ya yi duhu, ya ƙara wa gefen da ya yi fari. A kyamarar zamani abin ya juya. Ita wurin da ya ƙone fari ba ya dawowa har abada, amma inuwa a kan iya ɗago ta a kwamfuta, ko da ya ke in an matsa mata sai ta yi burtsatse kamar tsakin gero. Saboda haka mai irin wannan kyamara ya tsare haske tukuna.

Kogon da saurayin ya kai mu bakinsa yana duban kudu. Rufinsa baƙi ne da kunkunniya, a ƙasa kuma ga gurabun niƙa guda uku a jere. Dattijon bai taɓa kyamara ba sai da muka zauna muka huta idonmu ya saba. Sa'an nan ya tuɓe farar rigarsa ya miƙa wa saurayin ya ce, "Ɗana, fita da ita inda rana ta ke, ka baza ta, ka karkato ta wajena." Nan take bangon da ke dulum ya yi wani haske mai laushi, har ƙyalƙyalin ƙwayoyin dutsen ya bayyana. Abin da rigar ta ƙara bai wuce mataki ɗaya ko biyu ba, amma a wurin da a ke neman rage tazarar mataki goma, biyu ba abin rainawa ba ne. Farin zanen gado ya fi riga, faifan silba ko madubi ya fi su ƙarfi amma haskensa yana da kaifi, ya kan yi tabo wuri ɗaya.

Na tambaye shi don me ba zai kunna fitilar kyamara mai walƙiya ya huta ba. Ya ce a gwada. Hoton da ya fito ya nuna dutsen da ke gabanmu fari sol, can ciki kuwa duhu yana nan yadda ya ke, gurabun niƙa kuma sun ɓace sarai, fa ya zama shafaffe kamar daɓe. Dalili biyu ne. Na farko, hasken fitila yana raguwa da sauri: abin da ke nesa ninki biyu kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ya ke samu, na ninki uku kuwa ɗaya cikin tara. Na biyu, rami ba ya fitowa a hoto sai da inuwarsa, hasken da ya fito daga inda idon kyamara ya ke kuwa yana cike ramin ya kashe inuwar. Da aka kashe walƙiyar, aka kafa kyamara a kan ƙafafunta, saurayin ya tsuguna can gefe ya kwantar da hasken tocila dab da fa, sai gurabun suka fito da zurfinsu har da santsin bakinsu. Watau inuwar da muka wuni muna faɗa da ita, a nan sai da muka nemo ta da kanmu.

Wannan dabara ta kwantar da haske tana da babban amfani ga wani abin tarihi da Fagg ya sanar wa duniyar masana a 1956, bayan ya lura da shi a Birnin Kudu, inda kogwannin nan masu zanen shanu su ke. Su ne duwatsun kiɗa, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse su kan yi amo kamar ƙararrawa. Daga baya an same su a wurare da dama na Arewa har da ƙasar Filato. Alamarsu ita ce 'yan ƙananan gurabu da bugu na shekara da shekaru ya bari a gefen dutsen, kuma da yawansu a cikin inuwar kogo su ke. Mai walƙiya zai koma gida da hoton dutse kamar kowane dutse.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi kowace na'ura. Jos tana kusa da daraja 10 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana ta kan bi ta tsakar ka sosai a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. A irin wannan lokaci da azahar ko ɗigon rana ba ya shiga kogo, alhali waje yana tafasa, tazarar ta kai matuƙa. A Disamba kuwa rana tana karkata kudu, tsayinta da tsakar rana bai fi daraja 57 ba, saboda haka kogon da ke duban kudu ya kan sami rabonsa. Mai duban gabas hantsi ne nasa, mai duban yamma kuwa la'asar sakaliya. Wanda ke son hoton nan da kowa ke sha'awa, watau daga ciki a hango kwari da ƙauyuka ta bakin kogo, sai ya yi sammako ko ya jira dab da almuru, sa'ad da hasken waje ya sauko ya kusanci na ciki. Hazon hunturu, wanda direbobi ke tsine wa, abokin mai hoton kogo ne, domin yana tace rana ya watsa ta ko'ina, sai dai ya rufe nesa, ƙurarsa kuma ta shiga na'ura. Lumshin marka ma haka, amma dutsen Jos in ya jiƙe ya fi sabulu santsi, tsawa kuma ba ta wasa a kan tsauni.

Kada a zaci mu ne farkon shan wannan wahala. Kalmar kyamara kanta daga harshen Latin ta fito, ma'anarta ɗaki, domin asalin abin ɗaki ne mai duhu da 'yar huda a bango, wadda haske ke bi ya zana surar waje a kife. Malamin nan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi bayanin wannan kimanin shekara 1,000 da suka wuce. Cikin shekarun 1850 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, da ya ga teku da sararin sama sun ƙi fitowa tare, sai ya riƙa ɗaukar kowanne dabam ya haɗa su a takarda ɗaya. A 1861 Nadar ya shiga ramukan ƙasusuwa da ke ƙarƙashin birnin Faris da fitilar lantarki, ɗauka guda tana cin har minti 18, abin da ya sa ya tsayar da mutum-mutumi a madadin ma'aikata domin babu mai iya tsayawa cik haka. A 1866 kuma Charles Waldack ya ɗauki cikin kogon Mammoth na Amurka da hasken ƙarfen maganiziyam da a ke ƙonawa.

Dabarar Le Gray ita ce yau ke cikin wayar hannu. In ka danna, wayar ta kan ɗauki hotuna da dama cikin ƙiftawar ido, wani don haske wani don duhu, ta narka su wuri ɗaya. Mai babbar kyamara ma ya kan yi haka da hannu: ya kafa ta kada ta motsa, ya ɗauki uku ko biyar yana sauya mataki biyu-biyu, ya haɗa a kwamfuta. Abin yana aiki, ba na musu. Amma ina da ƙorafi a kansa. Sau da yawa hoton da ke fitowa ya kan haskaka ciki har ya yi daidai da waje, kogo ya koma kamar rumfar kasuwa. Wanda ya kalli irin wannan hoto ba zai gane yadda mata da yara za su shige wurin mahayi ya wuce ta gabansu bai gan su ba, alhali duhun shi ne amfanin wurin. Dattijon ya kan bar kusurwa ɗaya baƙa ƙirin da gangan, ni ma ra'ayina ke nan. A ɗago inuwa har a ga abin da ke cikinta, amma a bar ta ta ci sunanta.

Akwai abubuwan da ba a yi, ko da hoto zai fi kyau. A da waɗansu masu bincike su kan yayyafa wa zanen dutse ruwa don launinsa ya tashi, ko su bi layinsa da alli. An daina, domin yana kashe zanen. Tun 2005 akwai wata manhajar kwamfuta mai suna DStretch, wadda Jon Harman ya ƙirƙiro, da ke fito da jan launin da ya koɗe daga cikin hoto ba tare da an taɓa dutsen ba. Haka kuma ba a share ƙasan kogo don ya yi tsabta, ba a tattara tsingaro a jera shi a gaban kyamara, balle a zuba a aljihu. Matsayin kowane gutsure a cikin ƙasa shi ne shaidar shekarunsa, kuma Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana tono ba da izini ba. Abin da ya kamata a ƙara a hoton shi ne ma'auni, ko sandar da aka san tsawonta, domin dutse ba shi da girma a takarda sai an ajiye wani abu kusa da shi. Game da lafiyar jiki kuwa, kogo gidan agwada ne da jemage da ƙudan zuma, wani lokaci da gamsheƙa. Ba a zura hannu a tsaga, ba a kuma tayar da ƙurar kashin jemage, domin shaƙarta na iya jawo ciwon huhu.

Mafi girma duka shi ne izini. Babu dutsen da ba shi da masu shi a ƙasar nan. Waɗansu kogwannin wuraren al'ada ne da ba a yarda baƙo ko mace ko wanda ba a yi wa kaciyar gargajiya ba ya shiga, waɗansu makabarta ne, waɗansu kuma Kirista kan hau su yi addu'a. Bugu da ƙari, tun rikicin Satumba 2001 ƙasar Filato ta sha zubar da jini, a cikin Jos a 2008 da 2010, a karkarar Riyom da Barikin Ladi da Bassa shekara da shekaru, a Bokkos a Disamba 2023, kuma kowane ɓangare yana da gawarwakin da ya binne. A irin wannan hali baƙon da aka hango a kan tsauni yana auna ƙauye da na'ura ba za a ɗauke shi mai sha'awar tarihi ba. A fara da gidan mai unguwa ko dagaci, a faɗi abin da ya kawo mutum, a ɗauki ɗan gari, inda ya ce a tsaya a tsaya. Saurayinmu ya nuna mana wani kogo daga nesa ya ce wancan ba a zuwa. Dattijon ya ce, "Madalla, ɗana," ya mayar da murfin gilashinsa.

Da muna saukowa muka ratsa ta inda a ke fasa dutse. A kan tara itace ko tsofaffin tayoyi a jikin curi a cinna wuta har ya tsage, maza su farfasa da guduma, mata su zauna da 'ya'yansu suna mayar da shi tsakuwa, tifa ta zo ta kwashe. Ba zan zargi mai neman abin sa wa a baki ba, garin kuma yana faɗaɗa, gini yana son tsakuwa. Amma curin da a ke fasawa yau wataƙila rufin wani kogo ne da ba a taɓa tonawa ba, ba a kuma taɓa ɗaukar hotonsa ba. Jos kuwa ba ta rasa masu gilashi: a nan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya ta ke, da makarantarta ta koyar da aikin fim, ga Jami'ar Jos da aka kafa a 1975, ga dubban samari kowa da waya a aljihu. Abin da ya rage shi ne a riƙa rubuta sunan dutsen da harshen masu shi, da ƙauyen, da ranar ɗauka, da inda bakin kogon ke duba, a ba mai unguwa kofe ɗaya a kai wa Gidan Tarihi ɗaya.

Wanda ke son ya gwada hannunsa kafin ya hau dutse ba sai ya yi nisa ba. A harabar Gidan Tarihi na Jos akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon Masallacin Jumma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina. Cikin ginin da bakan gizonsa duhu ne, ƙofa kuwa rana ce tsagwaronta, tazarar ba ta da bambanci da ta kogo. Mutumin Kano ko Katsina ko Sakkwato ma yana da zauren gidansu. Ya zauna a ciki da azahar, ya sa yaro ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi ta gwadawa har ya fito da fuskar yaron da azarar rufi da bangon maƙwabta a hoto guda.